Jan Filas ɗin Baba Iliya

Sunan ƙauyen ya ɓace mini. Na san dai yana tsakanin Roni da Gwiwa, akwai tsamiya biyu a bakin hanya, kuma a nan wata 'yar majami'a ta rabe gida biyu. Shekarar ma ba zan rantse a kanta ba. Sauran kuwa yana nan a kaina daram.

Wanda ya raba majami'ar shi ne Baba Iliya, dogon dattijo mai taushin murya. Ya ce Ubangiji yana yi masa magana kai tsaye. Ba ya shan shayi da suga, ba ya taɓa alewa, ya ce ya bar wa Yesu zaƙin duniya. Kafin kowane abinci sai ya shige ɗaki shi kaɗai ya yi addu'a. Rabin jama'a suka bi shi zuwa wata rumfar kwano a bayan gari.

A cikin mabiyansa babu kamar Sama'ilu, ɗan acaɓa. Matarsa Dela tana da ciwon suga. Yayarta ce ke karɓo mata allura daga Kazaure duk wata, ita kuma ta binne kwalaben cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa don kada zafi ya lalata su.

Wata Lahadi Baba Iliya, wanda a lokacin ya rame har rigarsa na yi masa yawa, ya sa aka ajiye kwando a gaban bagade, wato teburin ibada. Ya ce mai bi na gaskiya ba ya raba zuciyarsa tsakanin Allah da kwalba. Kowa ya kawo maganinsa da katin asibitinsa, shi zai ƙone su da hannunsa.

Wani tsoho mai suna Bitrus ya miƙe. "Baba, a gafarce ni. Da sunan Almasihu aka yi mana baftisma, ba da sunanka ba." Matasa suka raka shi waje, har hularsa ta faɗi.

Dela ta riƙe ƙullinta da hannu biyu. Sama'ilu ne ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana kuka, ya jefa kwalaben da katin a kwando. Da yayarta ta zo da faɗa, ya hana ta shiga gidan.

Ba a yi mako uku ba Baba Iliya ya murmure. Kumatunsa suka ciko. Jama'a suka ce ga ladan bangaskiya.

A ƙarshen watan ya kira Sama'ilu ya ba shi aikin da bai ba kowa ba. Jan filas, da ambulan a liƙe. Zai kai su wani gida mai shuɗiyar ƙofa a Kazaure, ya miƙa, ya jira a zaure, ya dawo da abin da aka ba shi.

"Man keɓewa ne mai tsarki, ɗana. Kada ka buɗe, kada rana ta taɓa shi. Kuma daga fitarka har dawowarka, kada kalma ɗaya ta fito daga bakinka. Ka iya?"

"Na iya, Baba."

Ya iya kuwa. Ko masu shingen hanya da hannu yake gaishe su.

Dela ta fara shan ruwa kamar rairayi. Randa guda ba ta kai mata la'asar. Zaninta ya koma zagaye ta sau biyu. Sama'ilu ya kai kuka wurin Baba Iliya, aka ce masa gwaji ne, kuma shakkarsa ce ke jinkirta warakar. Ya ƙara azumi.

Ranar tafiyarsa ta biyu, a hanyar dawowa, ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya ratse gida. Ya tarar da ita kwance a kan tabarma, numfashinta na fita da ƙyar, maƙwabciya na yi mata fifita.

"Sama'ilu," in ji Dela, "ka kai ni Kazaure. Babur ɗinka na ƙofa."

Bai amsa ba. Yana ɗauke da saƙo.

"Kai, ka kurumce ne? Matarka ke magana!" maƙwabciyar ta daka masa tsawa.

Ya durƙusa. Ya kwance filas ɗin daga jiƙaƙƙen buhun da ya naɗe shi, ya ɗora mata a ƙirji, ko albarkar abin da ke ciki za ta ratsa ta. Ta ce, "Akwai sanyi," ta rungume shi. Ya bar mata shi kamar minti goma. Sannan ya zare shi daga hannunta, ya kai wa mai shi.

Washegari da hantsi aka binne ta. Baba Iliya ne ya yi wa'azi a bakin kabari, da murya mai ƙarfi, ya ce ta gama tserenta da nasara. Sama'ilu ya riƙe masa lema.

Bitrus ne ya ba ni wannan labarin, kuma da a nan ya ƙare. To, bayan wata bakwai likita ya ce ni ma sugana ya hau, aka kwatanta mini gidan wata tsohuwar nas a Kazaure, Hajiya Mu'minat, wadda wata ƙungiyar agaji ke ajiye allurar marasa hali a firjinta. Ƙofar shuɗiya ce. Ina shiga zaure, Sama'ilu na fitowa da jan filas, kansa a ƙasa.

"Kin san shi, Hajiya?"

"Beben nan? Bawan Allah! Ka ga miji. Duk wata sai ya kawo katin matarsa a ambulan ya karɓa mata allura, bai taɓa fashi ba. Na sha cewa ya kawo mini ita in duba ta, sai dai ya sunkuyar da kai."

Ƙwaƙwalwata ba abin dogaro ba ce yanzu, don haka na roƙe ta ta nuna mini sunan da take ware wa wannan allurar, na sa tabarau, na karanta sau biyu. Dela Sama'ilu.