Rabin Kuɗin Lauya

"Wannan fashi ne, Lauya," in ji Wilmer, yana dukan teburin Lauya Ocampo. "Bara da na jinginar wa banki gidan nan, rabin wannan kuɗin ka karɓa."

Bai ko sassauta murya ba. Mahaifiyarsa, Doña Herminia, tana gefe rungume da jakarta, kuma duk unguwarsu a birnin Cali an san kunnenta ya yi nauyi. Gidan nata ne. Bara Wilmer ya ce mata takardun fansho za ta sa wa hannu, ya narkar da kuɗin bashin a sayen tasi, tasin ta mutu a garejin bakanike. Yau zai sake jinginarwa, ya kuma sake ce mata takardun fansho ne.

"Ladan aikina bai canza ba," in ji lauyan, idonsa a ƙasa.

"To ƙarya nake yi ke nan?"

Tsohuwar ta ciro ƙullin hankici ta ajiye a teburin.

"Daina yi wa mutum ihu, ɗana. Bara ni na cika rabin, na roƙe shi kada ya gaya maka. Miƙo min biron, na bar wake a wuta."

Biron yana gaban Wilmer, amma lauyan ne ya miƙa mata.