Kwaɗon da Tanimu Ya Ɓalle

Tanimu ne mai kula da kwamfutoci a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Yelwa. Bayanan marasa lafiya duk suna ajiye a babbar kwamfuta guda. Manhajar likita daban, ta ɗakin allura daban, kowace a tata kwamfutar take aiki, amma fayil ɗaya suke buɗewa. Idan ɗaya tana rubutu sai ta sa wa fayil ɗin kwaɗo, ɗayar ta jira har a gama.

Ranar kasuwa da hantsi, wani masunci daga Ngaski mai suna Bitrus ya kawo matarsa Deborah. Ƙarfe ne ya soke ta a bakin ruwa, ƙafar ta kumbura. Likita Zuliha ta duba ta, ta rubuta allurar fanisilin, ta adana. Har Deborah ta miƙe sai ta tuna.

"Likita, an taɓa yi mani wagga allura a Wara, numfashina ya ɗauke."

"Gara da kika faɗi," in ji likita. Ta sake buɗe fayil ɗin, ta sauya maganin. Kafin gyaran ya isa babbar kwamfuta aka ɗauke wuta. Ana cikin haka aka kira likita ɗakin haihuwa.

Da aka tada janareta, babbar kwamfutar ta dawo. Ƙa'idarta ita ce ta ɗan dakata, domin duk manhajar da ke riƙe da kwaɗo ta dawo ta karɓi abinta, ta ƙarasa rubutu. A wannan tsakani ba wanda ke iya buɗe fayil.

Layi ya yi tsawo a ɗakin allura. Sista Hadiza, ma'aikaciyar jinyar da ke wurin, ta leƙo ofishin Tanimu.

"Malam Tanimu, abu ya ƙi buɗewa, ga mutane sun taru."

Tanimu ya san ya kamata ya jira, ko ya duba wa ke riƙe da kwaɗon. Amma ya sha share irinsa ba abin da ya faru. "Ragowar ɗauke wuta ne, ba kowa ciki," ya ce, ya share duk wani kwaɗo da ya gani gaba ɗaya.

Manhajar ɗakin allura ta buɗe fayil ɗin Deborah da tsohon rubutu, ta sa nata kwaɗon. Gyaran likita ya iso ya tarar an kulle, ya tsaya a kan allon kwamfutar likita da ba kowa a gabansa.

Da layi ya zo kan Deborah, Bitrus ya tambaya, "Sista, likita ta sauya maganin ko?"

"Abin da ta rubuta shi zan yi," in ji Hadiza.

Allurar na shiga, Deborah ta kama wuyanta. Aka ruga aka kira likita, aka yi duk abin da za a iya. Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Da Tanimu ya bi sawun abin da ya faru a kwamfuta, ya ga kwaɗon likita na cikin waɗanda ya share. Ya fito bakin ƙofa, ya tarar Bitrus yana neman motar da za ta mayar da gawa Ngaski. Ya juya ya koma ofishinsa.

Jama'a, musamman masu kula da na'urorin da wasu suka dogara da su: kada ku cire kwaɗo sai kun tabbatar wa ya sa shi, kuma ya gama aikinsa. Jiran ɗan lokaci ya fi gaggawar da ba ta da gyara.