Ƙunshin Kaltume a Shingen Boɗinga

Kaltume matar Mainasara ce, suna zaune a Dandin Mahe ta ƙasar Shagari. Tun haihuwarta ta fari, wadda ɗan bai zo da rai ba, fitsari ya daina tsaya mata. Ba wanda ya sani sai mijinta da mahaifiyarta Hasiya. Takan ƙunsa tsummoki, ta wanke su a ɓoye, ta shanya a ƙuryar ɗaki, ta turara zannuwanta. Da haka ta ci gaba da sayar da furarta, tana zuwa suna da biki kamar kowace mace.

A shekarun babban yaƙin Turawa na biyu, labari ya iso musu cewa akwai likita a Sakkwato mai duba irin wannan ciwo. Mainasara ya sayar da albasarsa, ya ɗora ta a jaki, suka bi ayarin 'yan garinsu masu zuwa cin kasuwa, cikinsu har da wata tsohuwa mai suna Zulai. Suka ce wa mutane gaishe da dangi za su.

A kan iyakar ƙasar Shagari da ta Boɗinga suka tarar da shinge. Umarnin Bature ne, wai a tare masu fasa-ƙwaurin hatsi da tufafi zuwa maƙwabciyar ƙasa da Faransawa ke mulka. 'Yan doka ke tsaron wurin, babbansu wani mai suna Sodangi. Aka zazzage mangalar kowa a ƙasa. Da aka zo kan Kaltume, Sodangi ya nuna ƙunshin da ta rungume da sandarsa.

Mainasara ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, kayan macce na, ba na sayarwa ba. Ga Zulai nan, tsohuwa ta. A bari su zagaya bayan bukka ta duba muku."

"In ba abin ɓoyo, don mi taka ƙanƙame shi haka?" in ji Sodangi.

Kaltume ta ce, "Don girman Allah, Yallaɓai, ka ruhwa min asiri."

Ya fizge ƙunshin ya kwance. Tsummokin da ta canza a hanya suka zube, jiƙaƙƙu. Ya sa bakin sanda ya ɗaga guda sama yana toshe hanci, wani ɗan doka ya fashe da dariya. Duk da haka bai ƙyale ta ba. Ya ce ai mata sukan naɗe yadi a ƙugu su rufe da zane, don haka ta sauko ta kwance mayafinta. Tana saukowa kowa ya ga buzun da ta zauna a kai ya jiƙe, bayan zanenta ma haka.

Mainasara ya zabura ya riƙe sandar. Nan take 'yan dokar suka rufe shi da duka, suka ɗaure shi a gindin wata bagaruwa. Kaltume ta durƙusa tana tsince tsummokinta cikin ƙasa, a gaban maƙwabtanta, mutanen da ke shan furarta kullum. Kowa ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce uffan. Sai da komai ya ƙare Zulai ta matso ta lulluɓe ta.

Ba su sami komai ba. Da la'asar suka kwance Mainasara, suka ce su wuce.

Kaltume ta ce, "Malam, maishe ni gida."

"Ga Sakkwato nan gaba, Kaltume. Mun ci rabin hanya."

"Can ma buɗe ni za a yi. Ba ni iyawa."

Ya roƙe ta har ya gaji, sannan ya juya kan jakin.

Labarin ya riga su isa gari. Furarta ta kwana ta yi tsami, ba mai saye. In ta je rijiya, mata su janye tulunansu. A wani suna aka shimfiɗa mata tabarma ita kaɗai a bakin zaure. Daga ranar ba ta sake fita ba.

Mainasara ya kai ƙara fadar hakimi. Bai ma sami ganinsa ba. Wani bafade ya tare shi a ƙofa ya ce aikin Bature ne, ba a shari'a da shi, ya gode Allah da aka sako shi.

Sai Kaltume ta fara rage shan ruwa, don kada wani abu ya zubo. Ga shi bazara ta kama, zafi kamar wuta. Leɓenta ya tsattsage, idanunta suka faɗa. Hasiya ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kawo rubutu, duk a banza. Mainasara yakan durƙusa gabanta da ƙwarya a hannu.

"Ko kurɓi guda ki yi, don Allah. Ni ban taɓa ƙyamarki ba."

"Na sani, Malam," ta ce. "Amma in na sha, hita za shi yi."

Zazzaɓi ya shige ta, bayanta ya riƙe. Ranar da ta yarda za ta sha, maƙogwaronta ya ƙi karɓa. Ta rasu kafin ruwan farko ya sauka.

Wajen zaman makoki, wani maƙwabci mai suna Idi, wanda yana cikin ayarin rannan, ya matso ya ce, "Allah shi jiƙanta. Wallahi mun so mu yi magana, tsoro yah hana mu."

Mainasara ya dube shi ya ce, "Sodangi bai san ta ba, Idi. Ku kun san ta."

Jama'a, bincike a kan iyaka aiki ne, amma ba ya halatta tona asirin ɗan Adam. Mace, mace ce za ta duba ta, a bayan sutura. Wanda aka ba sanda ya ji tsoron Allah, wanda kuma ya ga ana wulaƙanta wani ya yi shiru, ya sani yana da kaso a cikin zaluncin.