Jan Fenti a Hannun Baba

Har yau in na ji warin sabon fenti, la'asar ɗin nan ke dawo mini. Baba ya tafi da ni bayan gari, wajen Fakku, inda garken shanu ke ratsawa kowace kaka. Shi da Arɗo, shugaban Fulanin, su ke kula da burtalin, kuma Baba ya yi wa Arɗo alkawarin hanyar ba za ta ragu ba. Sai gwamnati ta ce daga yanzu tare da ita za a riƙa yi.

Da muka isa, ma'aikata sun riga sun kafa turakun siminti sun shafa musu jan fenti, sun tsuke hanyar don ta kauce wa gonar wani babba. Aka kira Baba da Arɗo su dafa turke a ɗauki hoto. Iyakar shawarar da aka yi da su ke nan.

Shugaban ma'aikatan ya ce, "Tare munka yi wanga aiki, ko ba haka ba, dattijo?"

Baba ya dubi jan fentin da ya manne a tafinsa. "Hannuna dai ya taɓa, yallaɓai."

Ya durƙusa yana gogewa da ƙasa, ya kasa kallon Arɗo.

Bara Baba ya rasu. Turken yana nan tsakiyar gero, akuya ake ɗaurewa a jikinsa.