Rigar Sanyin Farfesa

"Ƙarya ce, Ylva!" in ji Farfesa Torbjörn. "Wannan tsohuwa mai saƙa, ƙirƙiro ta kika yi."

Ina shigo wa ɗalibai da kofi, aikina ke nan a jami'ar, na tarar da rigimar, na kasa kunne. Ylva, ɗalibarsa, ta yi bincike kan masu sayar da saƙa a intanet, kuma dokar jami'a ta hana bayyana sunayensu. Digirinta zai salwanta in ba ta faɗi sunan tsohuwar ba, amma yarinya ta ƙi faɗa.

"Wai wani malami na sayen rigunanta yana cewa shi ya saƙa!" Ya shafa rigar sanyin da ke jikinsa. "Wa zai yi haka?"

Na ajiye buta. "Farfesa, ɗaga hannu. A hammatar hagu zarena ya ƙare, na cike da kore."