Fuskar Anti Maiturare

Hafsah ta jingina wayar da gwangwanin madara, ta danna wurin ɗaukar murya, ta fara darasin Laraba.

Damina ta sauka, in ji ta, don haka a ajiye leshi mai nauyi, a nemi atamfa mai duhun ƙasa wadda taɓon Abuja ba zai tona wa asiri ba. Mai gautsin gashi ta yi kalaba, ta bi da man kaɗanya. A turara mayafi tun jajibere, ba da safe a gurguje ba. Ta rufe da abin da take rufewa da shi kullum: baƙar fata gado ce, kakanninmu ba su kankare ta ba, mu ma ba za mu kankare ba.

Mata ɗari huɗu da sha biyu ne a zaurenta na WhatsApp. Anti Maiturare suke kiranta, ba su san wani suna ba. Laraba kwalliya, Asabar ta karanta musu shafi biyar na littafi a yi ta musu a kai. Da a bidiyo take fitowa, ɗauri ya zauna daram, mijinta Abdulmajeed yana riƙe da waya yana mata alama da hannu in ta cika surutu. Wata uku ke nan sai murya kawai.

Wata uku kuwa ya ishi mata su lura.

Kauthar ce ta fara, wata ma'aikaciyar banki mai baki kamar reza. Ta rubuta cewa ita fa tana da tambaya: mai hana mutane bilicin, me ya hana ta nuna fuska? Ta ce ta san wata a Karu da mai ya ƙone wa kumatu, ita ma haka ta koma magana daga bayan labule. Kafin la'asar zance ya yi reshe. Wata ta ce ai dama ta ga hasken Anti ya ƙaru a bidiyon ƙarshe. Ƙarya ce tsagwaronta, amma an samu masu tayawa.

Aka yanke hukunci. Ranar Babbar Sallah Anti ta fito a bidiyo, ko kuma kowa ta kama gabanta.

Hafsah ta karanta saƙon sau uku, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Gidan nan na Garki ɗaki biyu ne da falo, tun da gwaggonta ta koma Zariya ba abin da ke motsi a ciki sai fanka. Zauren nan ne kaɗai wurin da ake mata magana ba a rage murya ba. A nan ake tsokanarta, a yi mata gardama kan launin jambaki, har a ce ta faye iyayi. In suka watse, sai ita da fanka.

Hannah, maƙwabciyarta 'yar Kafanchan da ke yi mata cefane, ta shigo da ledar tumatir ta same ta zaune gaban madubin da ta lulluɓe da zane. Ita ma tana zauren, ta ga komai.

"Anti, gaya musu kawai mana. Wallahi za su ji kunya."

"Shi nake gudu, Hannah."

Hannah ta shige kicin da ledar.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kowace safiya Hafsah takan ja layi ɗaya a kalandar ma'aikatar su Abdulmajeed da ke rataye bayan ƙofa. Tela ya aiko ɗinkin da ta bayar tun kafin azumi, shadda ruwan goro da aikin hannu a wuya. Ta rataye shi a ledarsa. A darasin jajibere ta kwatanta musu haɗin humra tiryan-tiryan, da sandal da farce da miski, ita kuwa ba ta ko buɗe tata kwalbar ba. Ba wadda ta ce an gode. Kauthar dai ta rubuta: sai gobe.

Ranar Sallah aka tashi da yayyafi. Kabbara na shigowa ta taga, motoci na wucewa zuwa idi. Ƙarfe goma aka fara ƙirga mata lokaci a zaure. Sha ɗaya na bugawa mutum tara suka fita, har da wadda Hafsah ta koya wa ɗaurin ɗankwali ana gobe bikinta. Wannan ta fi yi mata zafi.

Ta jawo gwangwanin madara, ta jingina wayar, ta juyo kyamara. Karon farko a wata uku ta tsaya ta kalli kanta sosai.

Fatar na nan yadda Allah ya yi ta, baƙa sumul, ko tabo babu. Daƙiƙa biyar sun isa su rufe bakin Kauthar har abada. Sai dai duk macen da ta ga Anti Maiturare ranar Sallah da tsohon hijabi, ba kwalli, ba ɗan kunne, ba ko ɗigon lalle, nan take za ta gane. Daga nan shi ke nan, ba tsokana, ba gardama. Mata ɗari huɗu za su rage murya su ce mata sai haƙuri.

Ta kife wayar. Gara su zage ta.

Ta tashi ta ja layin ranar a kalanda, ta ƙirga abin da ya rage da ɗan yatsa. Saura kwana talatin da bakwai ta fita takabar Abdulmajeed.