Tara ta Uku

Dhruba ɓarawo ne. Sarƙar auren matarsa ya sace ya jinginar, ya shiga gidan caca a Kathmandu, babban birnin Nepal, da sunan baƙo daga Indiya.

Kuɗin sun kusa ƙarewa. Mai raba kati ya buɗe kati uku na kowa da kowa a tebur: sarki, tara, biyu. Dhruba na riƙe da tara da takwas, hannun da bai isa fariya ba, bai kuma kai na yarwa ba. In ya janye, sarƙa ta tafi.

"Yallaɓai, addu'a kake ko barci?" in ji Bansal, attajirin da ke fuskantarsa. "Zuba ko ka tashi!"

Ya share gumi, ya zuba. Kati na huɗu bai tsinana masa komai ba. Ya tura ragowar kuɗinsa.

Na biyar ya faɗo: tara. Yanzu tara uku ke gare shi. Bansal ya watsar da katinsa.

"Wayyo Inna, na ci!" Dhruba ya kurma ihu da harshen Nepal tsantsa.

Kowa ya juyo yana kallonsa. Doka ta haramta wa ɗan ƙasa gidan caca. Masu gadi suka miƙa shi ga 'yan sanda, ko sisi bai fita da shi ba.